Buhun Kawu

A unguwarsu ba wanda yake kiran Dogo da sunan da aka raɗa masa. Manya suna ce masa Dogo, yara kuma Mai Kyanwa, tun ranar da wani ya tambaye shi ko ba ya jin tsoron zaki, ya ce, "Zaki ai kyanwa ce da ta samu ƙoshi tun tana ƙarama." Sunan ya bi shi, shi kuwa bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Aikinsa kula da masu farata a gidan namun daji na garin, kuma a kan aikin nan furfura ta same shi.

Ba sai an gaya maka sana'arsa ba, hancinka zai gaya maka. In ya shigo layinsu da yamma, karnuka sukan yi tsit su shige ƙarƙashin motoci, awaki su nemi tsinke igiya. A motar haya bai san matsi ba, kowa ba shi wuri yake yi ba tare da ya roƙa ba. Matarsa ta gwada sabulu iri-iri a farkon aurensu, har da wanda ake wanke tayar mota da shi, daga baya ta haƙura. Ta kafa masa ƙusa a bayan ƙofar banɗaki, ta ce nan ne iyakar tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki, kada ta kuskura ta ƙetare zuwa ɗaki. Takan ce da maƙwabta, "Ni ban san ɓarawo ba. Wane ɓarawo ne zai shiga gidan da ke warin zaki?"

Ba da niyya ya shiga aikin ba. Yana saurayi baro yake turawa wani mahauci, yana kai nama gidan namun daji kowace safiya. Sauran masu kai nama sukan juye su juya, shi kuwa sai ya tsaya yana kallon yadda ake rabawa, har mahaucin ya gaji da jiransa ya sallame shi. Tsohon da ke kula da kejin a lokacin ya ce, "To tunda kallon ya raba ka da abincinka, ɗauki tsintsiya." Ya ɗauka, bai sake ajiyewa ba.

A shekarun da nake ba da labari, dabbobinsa ba su da yawa. Akwai wani tsohon zaki da ake kira Kawu, mai geza kamar tsohuwar tabarma, wanda ba abin da ya fi so irin barci. Akwai zakanya Gwaggo, mafaɗaciya, da aka raba musu keji saboda takan ci rabonta ta ci nasa. Akwai kyanwoyin daji guda biyu da masu kallo ke wucewa ba sa ko waiwaya. Sai kuma damisa, Shagwaɓa, wadda a kanta zuciyar Dogo take.

An karɓo ta ne daga hannun wasu mafarauta, idonta bai gama buɗewa ba, ba wanda ya sa ran za ta rayu. Dogo ya sa ta a kwali ya kai ta gida. Matarsa na da tsohon ciki a lokacin, ta dubi kwalin ta dubi mijinta, ta ce, "Wato ka riga ni haihuwa." Amma ita ce ta riƙa dafa madara tana zubawa a fida, ita ce kuma ta yi kuka ranar da aka mayar da damisar keji bayan ta yaga labule da katifa. Da aka haifi 'yarsu, auta, ta tashi tana kiran damisar Yaya, tunda ta girme ta da 'yan watanni. Har ta yi aure ta bar garin ba ta daina ba.

Ana yi wa damisa kirari da ƙi sabo, kuma Shagwaɓa ba ta ƙaryata kirarin ba ga kowa sai ga mutum ɗaya. Duk wanda ya matso kejinta sai ta kwantar da kunne ta nuna masa haƙora. Dogo kuwa tun yana kwanar ɗakin nama take tasowa, ta zo ta manna kumatunta a jikin ƙarfe, ya miƙa hannun kwat ɗinsa ta goga fuska a kai, dama da hagu, tana wani ƙaramin gurnani daga can cikin ƙirji. Sai ta yi haka take cin nama. In ya yi rashin lafiya bai zo ba, ranar azumi take yi.

Akwai wata dabara da Dogo ya ƙirƙiro da kansa, kuma da ita yake tinƙaho. Kejin nan katanga ce tsakaninsu, ba mai ganin wani. Ya lura dabbar da ta daɗe ita kaɗai takan kama zirga-zirga, daga wannan bango zuwa wancan, har ƙafarta ta yi hanya a siminti. Sai ya samo tsofaffin buhuna ya jefa wa kowa ɗaya ya kwana a kai. Da safe ya zaro su da ƙugiya ya musanya: na Kawu ya tafi wajen Gwaggo, na Gwaggo wajen kyanwoyin daji, haka har ya zagayo. In ka ga yadda suke tarbar buhun nan sai ka yi dariya. Su sunsuna, su yi atishawa, su yi birgima a kai, su lashe, wani lokaci su yi fushi su yayyaga. Zirga-zirgar ta ragu. Dogo yakan ce, "Jaridarsu ce. Kai ma in aka kulle ka ba labarin maƙwabta, ai sai ka haukace." Manaja yakan kawo baƙi su gani. Likitar dabbobi ta gidan, wata matashiya mai natsuwa da ke ce masa Baba, har hoto ta ɗauka ta nuna a wani taro.

Ciwon ya fara ne da Kawu, kuma ya fara ba hayaniya. Ido ya soma kwantsa, hanci na yoyo, ga tari. Kowa ya ce tsufa ne. Likita ta yi masa allurai, ya ɗan farfaɗo, ya sake kwantawa. Daga nan ya daina cin abinci, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa, wata safiya Dogo ya same shi ya miƙe, kansa a kan buhunsa. Likita ta ɗebi abin da za ta ɗeba ta aika ɗakin gwaji a wani gari, ta ce a wanke kejin da magani, a rufe, a jira sakamako. Dogo ya wanke har da rufin. Amma kafin a ja gawar ya riga ya zare buhun daga ƙarƙashin kan Kawu, jiƙe da miyau da majina, ya ninke ya ajiye a gefe. Bai ɓoye ba, ba wanda dai ya kula.

Dalilinsa ba na mahaukaci ba ne. Gwaggo ta ji shiru daga bayan katanga, ta kama ruri ba ƙaƙƙautawa, tana kai kafaɗa ga bango har fata ta sale. Dogo ya san wannan halin. Dabba ba ta yarda an mutu sai hancinta ya shaida, in ba haka ba ta yi ta nema ke nan. Ya jefa mata buhun. Ta sunsuna ta daɗe, ta kwanta a kai, ta yi shiru. Ya ji sanyi a ransa, ya ga ya yi abin kirki. Washegari ya kai wa kyanwoyin daji, don su ma maƙwabta ne, ya kamata su sani. A ƙarshe ya kai wa Shagwaɓa. Ta rungume buhun da ƙafafun gaba, ta yi ta lasa yana tsaye yana kallo, har yana ce mata, "Haka ne, Kawu ya tafi. Sai haƙuri."

Da sakamakon ya dawo, Likita ta tara ma'aikata a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin nama. Ta ce ba tsufa ne ya kashe Kawu ba, ƙwayar cutar bairas ce irin wadda ke kashe karnuka, mai yiwuwa daga karnukan da ke shigowa ta ɓular katanga suna lasar kwanukan nama. Ta ce takan fara kamar mura, ta sauka ciki, in ta ga dama ta hau ƙwaƙwalwa. Ba maganin da ke kashe ta, sai dai a tallafi dabbar a ga abin da Allah zai yi. Ta ce abin da ya rage musu shi ne kada ta ƙetara katanga, domin a miyau da majina take tafiya, ko a takalmi, ko a tsumma.

Dogo ya ce, "Likita, buhu fa?"

Ta juyo. "Wane buhu, Baba?"

"Na Kawu. Wanda ya mutu a kai."

Ya ga amsar a fuskarta kafin ta buɗe baki. Ta ce a hankali, "Wa ka kai wa?"

"Duka."

Mai yankan nama ya sunkuyar da kai yana goge wuƙar da ba ta da datti. Can Likita ta ce, "Ni ya kamata in tuna da buhunan nan, Baba. Na san da su." Manaja ma cewa ya yi tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya samu wanda zai yi wa fushi. Sai suka bar shi da kansa, kuma ba alƙalin da ya kai wannan tsanani.

Aka rufe gidan, masu kallo suka ɗauke ƙafa, mai sayar da balan-balan a bakin ƙofa ya koma wani wuri. Aka haƙa rami a bayan ɗakin nama aka ƙone buhuna, tsintsiyoyi, ƙugiya, da duk tufafin aikin ma'aikata. Dogo da hannunsa ya jefa kwat ɗinsa a wuta. Aka ba shi farar riga mai haɗe da wando, takalmin roba, safar hannu da takunkumi. A ƙofar kowane keji aka ajiye kwanon ruwan magani da sai ka taka za ka shiga, in ka fito ka yi wanka da wani sabulu mai hawa kai. Duk an yi daidai, sai dai an yi a makare.

Kyanwoyin daji suka fara tafiya, ɗaya bayan ɗaya, shiru kamar yadda suka rayu. Gwaggo ta yi dambe da ciwon yadda ta saba dambe da kowa. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito, muƙamuƙinta ya kama motsi kamar mai taunar abin da ba ya taunuwa, daga nan farfaɗiya ta riƙa kayar da ita. Ranar da ta mutu sai da aka sa mutum shida suka ja ta, amma Dogo ya ce bai ji nauyinta ba ko kaɗan.

Saura Shagwaɓa. Kowace safiya yakan tsaya a kwanar ɗakin nama ya kasa ƙarasawa, yana roƙon Allah ya same ta da busasshen hanci. Kwanaki suka yi ta wucewa tana lafiya, har ya fara gaya wa kansa wataƙila buhun ya bushe kafin ya kai gare ta. Amma wani abu ya riga ya shiga tsakaninsu. Tun ranar da ya zo cikin fararen kaya yana warin magani, ta kwantar da kunne ta nuna masa haƙora kamar kowa. Ya kira ta, ta karkata kai, don muryar ta san ta. Ta matso ta sunsuna iskar, ta ja da baya tana huci. A wajen damisa hanci ne shaida, kunne ɗan rakiya ne. Tana jin muryar Dogo tana fitowa daga bakin baƙo, abin ya ƙara firgita ta. Sai ya ajiye naman ya ɓuya a bayan katanga sannan take ɗan taɓawa.

Da idonta ya fara kwantsa bai gaya wa kowa a gida ba. Matarsa ta gane daga yadda yake dawo da kwanon abincinsa a rufe. Auta ta bugo waya, bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ya jikin Yaya?" Ya ce, "Da sauƙi." Ya miƙa wa uwarta wayar ya fita tsakar gida, ya tsaya gaban ƙusar nan da ba komai a kanta.

Ba sauƙin da aka samu. Likita ta yi iya yinta, allura daga nesa da bindigar allura, magani a cikin nama, naman kuma ba a ci. Shagwaɓa ta daina gani sosai, tana tafiya tana karo da bango. Sai muƙamuƙin ya fara motsin nan da Dogo ya gani a bakin Gwaggo. Ta ja jiki ta shige ɗakin ciki, ta lafe a bayan dakalin simintin da take kwanciya a kai, lungun da ba allurar da za ta kai. Daga waje ana jin ƙafafunta suna dukan ƙasa duk lokacin da farfaɗiyar ta taso.

Likita ta same shi zaune a kan bokiti a ƙofar kejin. Ta tsuguna a gabansa, ta ce, "Baba, ya hau kanta. Ba dawowa. Abin da ya rage mu hutar da ita."

Ya ce, "Na sani."

"Sai ta zo bakin ƙarfe. In ba ta fito ba, sai dai a sa mata ruwan tiyo da sanduna a koro ta."

"Ba wanda zai zungure ta da sanda."

"To ka kira ta."

"Ba ta san ni ba, Likita. Kun wanke ni."

Ba da zargi ya faɗa ba, ita ma ba ta ɗauka haka ba. Ta ce ya je gida ya yi tunani, zuwa safe.

Da ya gaya wa matarsa, sai ta tashi ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, ta tono har ƙasa, ta fito da wata leda a ƙulle. A ciki akwai tsohuwar hular sanyinsa, wadda ita ta saƙa masa, wadda ya yi shekaru yana sawa a wajen aiki. Tun bara ta ɗauke ta don ta wanke ta ɗinke ɓular da ke gefe, sai ta ƙulle a leda saboda wari, ta manta. Da ta kwance bakin ledar, ɗakin ya cika da Kawu da Gwaggo da Shagwaɓa da Dogo na da, duk suna da rai. Ta ce, "Tun ina amarya nake yaƙi da warin nan, yau ga shi ni nake miƙo maka." Ya karɓa, ya mayar da ƙullin da sauri kada warin ya fice.

Ya san abin da zai yi da ita, kuma sanin ya fi komai ciwo. Da ƙamshin maƙwabci ya kai mata ciwon, yanzu da nasa zai kira ta ga mutuwa, kuma za ta zo ne don ta yarda da shi.

Da safe Likita ta tsaya a gefe inda iska ba za ta kai warinta ciki ba, allurar a kan doguwar sanda. Dogo ya durƙusa, ya kwance ledar, ya tura hular tsakanin ƙarafa ya riƙe. Ya sauke takunkumin, Likita ta gani ta kau da kai. Ya kira ta yadda yake kiranta tun tana cikin kwali. An daɗe ba motsi. Sai aka ji jan jiki a kan siminti. Ta fito tana jan ƙafafun baya, kai a karkace, ido a rufe da kwantsa, hanci kaɗai ke jagora. Ta faɗi a tsakiyar kejin, ta tashi, ta ƙaraso. Ta sa fuska a cikin hular, ta goga kumatun dama, ta goga na hagu, ƙaramin gurnanin nan ya fito daga ƙirjinta, a shaƙe. Dogo ya ce, "Ga ni. Ina na je? Ga ni nan." Bai ga lokacin da allurar ta shiga ba. Ya dai ji nauyin kanta yana ƙaruwa a kan hannunsa har ya kasa riƙewa.

Mai yankan nama ne ya zo daga baya, yana jin nauyin magana, ya nuna hular ya ce, "Dogo, ita ma fa sai an ƙone." Dogo ya ce ya sani. Ya kai ta ramin da kansa.

Ba a kore shi ba. An ce kejin sai sun daɗe a rufe kafin a yi maganar kawo wasu dabbobi, kuma kowa ya san maganar ba za ta taso a zamaninsa ba. Aka mayar da shi wajen kunkuru. Yana yanka musu ganye, yana canza ruwa, yana share wuri. Aiki ne mai sauƙi, ya dace da mai shekarunsa, kuma kunkuru bai damu da wanda ya kawo masa abinci ba. Da rana in ya gama yakan bi ta gaban kejin da ba kowa, ba ya tsayawa. Hanyar da ƙafar Gwaggo ta yi a siminti tana nan. Yara a unguwa suna kiransa Mai Kyanwa har yanzu, yana amsawa.

Wata yamma ya sauko daga motar haya, inda aka matse shi tsakanin mutum biyu ba wanda ya ko yamutsa fuska, ya shigo layinsu. Wani jan kare na kwance a tsakiyar hanya, daidai ƙofar gidansa. Dogo ya taho har ya zo kansa. Karen ya ɗaga kai, ya sunsuna ƙafar wandonsa, ya yi hamma, ya mayar da kai ƙasa. Dogo ya tsaya yana kallonsa, ya daɗe. Daga nan ya kewaye shi ya shiga gida.